Tiya Shida Daga Bayan Labule

Asabar, 28 ga Yuni, sha ɗaya na safe

Bari in rubuta ko zuciyata ta sauko.

Ɗazu na zuba gero a turmi, na yayyafa masa ruwa zan surfa, sai na ga tafina ya yi ja. Ina tsaye ina kallon hannun, Mahbuba maƙwabciyata ta yi sallama, aron rariya ta zo. 'Yar manoma ce, a Aujara ta girma, ita ba a yi mata bayanin hatsi. Ta ɗebo, ta murza, ta sansana, ta dube ni.

"Maman Albarka, wa ya sayar miki da wannan? Akwai iri a ciki, wanda aka cuɗa da maganin shuka. Ko kaza kada ki ba."

Na ce a kasuwa na auno. Ta ce in koma in ci wa mai awon mutunci. Na ce to.

Ba a kasuwa na auno ba.

Asabar, uku na yamma

Na je coci na kulle ɗakin labule.

In wani ya tsinci littafin nan bayan raina, ga yadda abin yake. A cocinmu da ke bakin unguwar Takur akwai ɗan ɗaki kusa da ƙofa, a cikinsa duron gero ne ɗaya, a bakinsa labule. Kowa yana shiga da kwanonsa a rufe, ya fito da shi a rufe. Ko zubawa ya yi, ko ɗiba ya yi, shi da Allahnsa. Tiya ɗaya ake ɗiba a shiga ɗaya. Ba a tambayar suna, ba a tambayar addini, matan unguwa ma suna shiga. Iyayenmu da suka kafa wurin suka ce haka za a yi, don kada mai bayarwa ya yi girman kai, kada mai karɓa ya sunkuyar da kai. Shekara tara ke nan makullin yana hannuna, ni Lauratu. Aikina in buɗe Laraba da Juma'a, in zauna a waje in juya wa ƙofar baya.

Lahadin da ta wuce muka yi sujadar godiyar shuka, mutane suka zuba sosai. Bayan an tashi na baje geron na ja alli a jikin duro. Yau na auna. Tiya shida babu.

Biyu na san inda suke. Huɗu suna gidajen da ban sani ba, kuma ƙa'idarmu ta ce kada in sani.

Na faɗa wa Pasto Ɗan'inna. Ya ce ta yaya na gano, na ce ina shara na gani. Ƙarya ta biyu ke nan a yini ɗaya, ni da nake koya wa yara a makarantar Lahadi. Pasto ya kira malamin gona a waya a gabana. Malamin ya ce wanki ba ya fitar da maganin, surfe ba ya fitar da shi, babba ya ci ya sha wuya, yaro kuwa sai abin da Allah ya yi.

Lahadi, 29 ga Yuni, biyu na rana

Baban Albarka ne ya karanta sanarwar, kamar kullum, cikin babbar rigarsa da na goge masa. Murya garau. Duk wanda ya ɗebi gero tun Lahadin da ta wuce kada ya ci, ya dawo da shi, an ajiye daro a bayan labule. Ina zaune a layin mata ina kallon bakinsa. Bai san abin da ke ƙarƙashin gadonmu a cikin leda ba.

A wurinmu akwai lokacin godiya kafin wa'azi. Kowa yana iya tashi, mace ko namiji, babba ko yaro, ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kai, ikilisiya ta amsa da amin. Yau aka ce wa ke da godiya, sai Baba Barau ya dogara da sandarsa ya miƙe. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni, gonarsa 'yar ƙarama ce a bayan dutse.

"Ba godiya na tashi yi ba," in ji shi. "Ni ne. Buhu biyu ne a ɗakina iri ɗaya, na ci da na shuka. Na gama shuka na ce bari in kai wa Ubangiji nasa. Ashe guba na kai wa 'yan'uwana."

Ya fashe da kuka. Maza suka riƙe shi, mata suka ɗauki waƙa, Pasto ya sauko ya rungume shi. Ni ma na yi hawaye. Kowa ya fito yana cewa yau kam an yi sujada.

To, an yi. Mai zubawa ya tashi gaban kowa ya faɗa. Masu ɗiba fa? Daron nan har aka tashi ko ƙwaya.

Litinin, 30 ga Yuni, takwas na safe

Baban Albarka ya fita bakwai da rabi da jakarsa, takalmi a goge. Ya gaisa da mijin Mahbuba a ƙofa, na ji yana cewa bari ya yi sauri kada ya makara.

Ban tambaya ba. Tun watan Biyu ba na tambaya.

Laraba, 2 ga Yuli, shida na yamma

Wai dattawan ikilisiya sun zauna. Abin da suka haifa shi ne a ƙara kwaɗo na biyu a ƙofar ɗakin, makullinsa a hannun Mama Gaji shugabar zumuntar mata, kuma mu zauna mu biyu. An haɗa hannu an kawo buhun gero mai kyau, duk wanda ya dawo da jan a musanya masa. Wannan kam na yaba.

Amma Mama Gaji ba ta iya juya baya ba. Kujera ta jawo ta fuskanci ƙofar, ta ɗora jaka a cinya, tana fifita da takardar waƙoƙi. Na ce, "Mama, ai baya ake juyawa." Ta ce, "Juya bayan ne ya kai mu nan."

Tun ƙarfe biyu har biyar. Wata mata ta ɓullo ta kwanar masallaci da abu a ƙarƙashin mayafi, ta hango mu, ta wuce kamar dama hanya ce ta biyo da ita. Ban ga fuskarta ba. Ko na gani ba zan rubuta ba.

Sai a hanyar gida abin ya faɗo min. Da, in mutum ya shiga da kwano, ba a san ko zubawa zai yi ba. Yanzu an rufe duro, ba mai zubawa. Duk wanda ya ɗaga labulen nan ya faɗa wa duniya shi mai ɗiba ne. Labulen yana nan a rataye, amma ba abin da yake rufewa. Mu da dattawanmu da karatunmu, ba wanda ya hango wannan.

Ni kaina da kwaɗo biyu a ƙofa, ta ina zan juye tawa?

Alhamis, 3 ga Yuli, azahar

Garin rogo da ƙuli. Baban Albarka ya ci, ya wanke hannu ya tashi.

Juma'a, 4 ga Yuli, bakwai na yamma

Daro wayam.

Na tsaya na samu Pasto da Mama Gaji, na kawo shawara. Na ce ranar Lahadi kowane gida ya zo da kwano a rufe, mai ja a ciki da wanda ba komai a ciki, kowa ya shiga ya fito. Ta haka ba wanda za a gane.

Pasto ya ce shawara ce mai kyau. Mama Gaji ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Wato ni in ɗauki kwano a tsakiyar jama'a, a ce Gaji ma daga duro take ci? 'Ya'yana uku suna aiki, Lauratu."

Na ce, "Mama, ai dama amfanin ke nan, kada a san waye."

"Wanda ya iya ɗiba ya iya dawowa da shi. Ni a ganina ma a cire labulen, a san masu buƙata, a riƙa kai musu gida cikin mutunci."

Cikin mutunci. A tsaya da mota a ƙofar gidanka a Limawa, yaran unguwa su kewaye, a sauke maka mudu biyu da addu'a mai tsawo. Na haɗiye abin da ya zo bakina, don mahaifiyata ce a shekaru. Na dubi Pasto ko zai tsawata, sai ya ce mu sa abin a addu'a. Mutumin nan yana da kirki, amma wani lokaci kirkinsa kamar kunun da ya sha ruwa.

Lahadi, 6 ga Yuli, uku na yamma

An sanar da zancen kwano, amma an ce "wanda ya ga dama." Kwano tara suka zo a cikin gidaje sama da sittin. Su taran kuwa kowa ya bi su da ido, har matar mai kiɗa ta fito tana ɗaga murfin nata tana nuna wa mutane ba komai a ciki. Ni ban ɗauko nawa ba. Na tsaya a tsakar gida da ledar a hannu, na ji Baban Albarka yana cewa mu tafi, na mayar.

Lokacin godiya an yi godiya iri-iri. Ruwa ya sauka, gero ya tsira, wani ya samu ƙarin girma, wata 'yarta ta sauka lafiya. Amin, amin, amin. Ina amsawa ina duba yaran da ke zaune a tabarmar gaba, ina cewa a raina wanne ne a cikinku ya sha jan kunu da safe?

Pasto ya yi wa'azi a kan riƙon amana. Wai duk abin da ke hannunmu ajiya ce, kuma ɗan'uwanka ma ajiya ne a hannunka. Ya sake roƙo a dawo da geron. Daro wayam.

Litinin, 7 ga Yuli, safe

Bakwai da rabi. Jaka. Takalmi.

Talata, 8 ga Yuli, biyar na yamma

An kwantar da 'yar Zulfa a asibiti. Amai, gudawa, jiki yana karkarwa. Shekararta huɗu.

Zulfa tana cikin mawaƙanmu, mijinta ya rasu bara, awara take soyawa a bakin titi, kuma tun da waken suya ya yi tsada ba kullum take hura wuta ba. Na je na same ta zaune a bakin gado, an sa wa yarinyar ruwa. Na yi mata sannu. Na ce me likita ya ce? Ta ce zazzaɓi ne. Ma'aikaciyar da ke gyara robar ruwan ta ɗago ta dube ta.

Na jira ta fita, na rage murya. "Zulfa, ba tambayarki nake ba. In akwai saura a gida, don Allah kada ki ƙara dafawa."

Ta dube ni kamar na mare ta.

"Sauran me, Mama?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Ban sani ba. Ke me kika sani a kan irin wannan? Mijinki ma'aikaci ne, duk godiyar kaka buhu guda kuke saukewa a gaban bagade ana tafi. Ki bar ni da abin da ya dame ni."

Ga maganar a kan harshena, kalma biyu ce, "ni ma", da ta wadatar. Na gyara wa yarinyar zani na fito. Har na hau adaidaita ina jin kunyar kaina, ban taɓa jin irinta ba.

Laraba, 9 ga Yuli, yamma

Na zauna da Mama Gaji awa uku. Ta ba ni labarin bikin jikarta tun daga lefe har kai amarya. Daro wayam.

Alhamis, 10 ga Yuli, sha biyu na rana

Yarinyar ta sha ruwa ya zauna. Na gode wa Allah, wannan da gaske nake.

Amma saura uku ban san inda suke ba, ita ma Zulfa ba ta ce ta zubar ba. A wannan watan wa zai zubar da tiyar gero? Rumbu ya ƙare, sabo bai zo ba. Mace za ta wanke sau biyar, ta ga ruwa ya yi fari, ta ce Allah ya kiyaye, ta dama. Na sani, domin ni ma jiya na tsaya a kan ledar nan na yi wannan tunanin.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ba komai.

Asabar, 12 ga Yuli, huɗu na yamma

Na faɗa wa Baban Albarka.

Yana zaune yana goge takalmin gobe. Na jawo ledar daga ƙarƙashin gado na ajiye a gabansa, na kwance bakinta. Ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun watan Huɗu."

"Na ɗauka ɗinkinki ne yake kawowa."

"Baban Albarka, yaushe rabon da ka ji ƙarar keken nan?"

Ya ajiye burushin. Na ce gobe lokacin godiya zan tashi da shi a kwano, a buɗe. Na ce mutanen nan ba za su fito ba muddin suna ganin su kaɗai ne, kuma ni da nake riƙe da makulli na fi kowa laifin yin shiru.

Ya ce, "In kika tashi, ba kanki kaɗai za ki tona ba."

"Na sani."

"Za su tambayi abin da ya faru a wurin aiki. Kin san ban ci ko sisi ba, amma wa zai tsaya ya ji? Ana nan ana dubawa, an ce in jira. Ki ba ni wata ɗaya."

Wata biyar ke nan da dakatar da shi daga aiki, ana ce masa ya jira. Ban faɗi haka ba. Cewa na yi, "Yarinyar Zulfa ba ta da wata ɗaya, sauran ma ban san ko 'ya'yan wa ba ne."

"Shekara ashirin da shida ban taɓa hana ki abu ba, Lauratu."

"Yanzu hana ni kake?"

Ya ɗauki hularsa ya fita, yana can zaune a gindin darbejiya tun ɗazu. Takalmin ɗaya a goge, ɗaya ba a goge ba, na rasa ko in ƙarasa masa.

Lahadi, 13 ga Yuli, biyu da rabi na rana

Na yi.

Aka ce wa ke da godiya, na tashi da kwanon, ba murfi. Daga layin mata zuwa bagade taku goma sha biyu ne, yau sai na ji kamar ina tafiya Shuwarin a ƙafa. Na tsara magana mai kyau a gida, duk ta gudu. Abin da na ce kawai, "Na gode wa Allah saboda duron nan. Tun watan Huɗu shi ke ciyar da gidana. Tiya biyu a cikin shidan ni na ɗiba, ga su. Ba a shara na gano ba, a turmina na gano." Na ajiye kwanon a gaban Pasto.

Amin ɗin da aka amsa da shi ko kaza ba zai tasa ba. Baba Barau ne kaɗai ya faɗa da ƙarfi.

Na tsaya na ɗan jira. Na ɗauka wani zai taso. Wallahi na ɗauka. Ba wanda ya motsa. Pasto yana kallon littafinsa, Mama Gaji tana kallona baki buɗe, Baban Albarka yana kallon ƙasa. Na koma na zauna.

Da lokacin sanarwa ya yi ya tashi ya karanta, tun daga taron matasa har ranar sharar coci, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da aka tashi bai jira ni ba.

Mata suka zo suna min sannu a hankali, kamar an yi min rasuwa. Mama Gaji ta kama hannuna ta ce, "Haba Lauratu, ai da kin faɗa min." Na ce, "Mama, da na faɗa miki da wa kuma zai ji?" Na san rashin kunya ne. Gobe na ba ta haƙuri, yau ba zan iya ba.

Na tona mijina a gaban mutum ɗari da wani abu, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta dawo ba. Me na yi ke nan?

Litinin, 14 ga Yuli, tara na safe

Bai fita ba. Yana zaune a zaure da 'yar shara, jakar tana rataye. Bai yi min magana ba tun jiya, ruwan wanka ma da kansa ya ɗiba.

Litinin, biyar na yamma

Zulfa ta zo, goye da yarinyar. Ta gaida Baban Albarka a zaure ta shigo, ta ciro ƙulli daga cikin zani. Bai kai rabin tiya ba.

"Sau bakwai na wanke, Mama," in ji ta. Muka zauna a bakin murhu muka yi kukanmu.

Ba ni da abin da zan musanya mata, buhun yana coci bayan kwaɗo biyu. Ina cikin faɗin haka sai na ji motsi a zaure. Baban Albarka ya tada babur. Bayan rabin awa ya dawo da buhun a ɗaure a baya. Ban san me ya ce wa Mama Gaji ba, ban kuma tambaya ba. Ya jingine shi a zaure, ya ce in ba shi tiya. Shi ya auna wa Zulfa, ya cika har yana zuba.

Saura uku.

Talata, 15 ga Yuli, magariba

Biyu yau.

Na farko dattijo ne daga layin maza, ba zan rubuta sunansa ba. Bai shigo wurina ba, a zaure ya tsaya. Na ji su suna magana ƙasa-ƙasa har kusan awa guda, har na ji dariyar Baban Albarka sau ɗaya. Rabon da in ji ta na manta.

Na biyu Mahbuba ce ta kawo a cikin bokiti, an rufe da tsumma. Labari ya zaga unguwa, dama ya za a yi ya ƙi.

"Ta wata baiwar Allah ce a layinmu. Kada ki tambaye ni."

"Ban tambaya ba. Sun ci?"

"Ba su ci ba, tsoro ya hana ta, kunya ta hana ta mayarwa." Ta zauna a kan turmi ta harare ni. "Ke kuma, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Wata huɗu. Malam yana da gero a Aujara, kin sani. Ni ba mutum ba ce?"

Na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba za ta yi ba. Bayan ta tafi sai ga kwanon danwake an miƙo ta katanga.

Saura ɗaya.

Laraba, 16 ga Yuli, yamma

Na ba Mama Gaji haƙuri. Ta karɓa, ta ƙara min da wa'azi.

Saura ɗaya.

Alhamis, 17 ga Yuli, azahar

Duk yaron da na ji yana kuka a layi sai gabana ya faɗi. Na bi gidajen ikilisiya a kaina ɗaya bayan ɗaya, abin da na yi shekara tara ina hana kaina. Wace ce wannan mai taurin kai? Ni na tsaya a gaban duniya, ita ta kasa zuwa zaure?

Juma'a, 18 ga Yuli, shida na yamma

Pasto Ɗan'inna ya zo da la'asar. Na ɗauka ziyarar ƙarfafawa ce, har na fara shirya fuskar da zan karɓi addu'a da ita. Na kawo ruwa zaure, na samu yana zaune kusa da Baban Albarka, jakar littattafansa a cinya. Ya ce in zauna. Ya zuge jakar, ya ciro baƙar leda ya ajiye a tabarma.

"Ta gidana ce, Mama. Ni na aiki matata ta ɗebo."

Na dubi ledar, na dube shi. Da farko ban ji komai ba. Sannan abin ya taso min tun daga ƙafa.

"Pasto, Lahadi uku kana tsaye a kanmu kana roƙo a dawo da shi."

"Haka ne."

"Mako uku ina ganin gawar yaro a idona. Ka san inda ɗaya take, ka bar ni ina ƙirga."

"Haka ne, Mama. Ranar da kika tashi, ledar nan tana cikin jakar nan a ƙarƙashin teburin wa'azi. Na ce in kin ajiye naki zan ciro. Hannuna ya ƙi."

"Ni nawa hannun so ya yi?"

Baban Albarka ya ce, "Lauratu." Ban sauke ido ba.

Na ce yara sun ci? Ya ce kunu sau ɗaya, safiyar ranar da na zo masa da labarin, ƙaramin ya yi amai ya warke. Na ce to tun daga ranar me ake ci a gidan? Ya juya kofin ruwan a hannunsa. Ya ce ana maneji.

Shekara shida mutumin nan yana binne mana matattu, yana ɗaura mana aure, yana tashi ya bi mu asibiti. Yara huɗu gare shi. Duk Lahadi muna tashi muna godiya, muna cewa amin, ni kuma ina zaune a ƙofar abinci da makulli a ƙugu, ban taɓa tambayar ko an ɗora tukunya a gidansa ba. Ba ni kaɗai ba, dukkanmu. Haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, na rasa wanda ya fi.

Ya ce jibi zai faɗa wa ikilisiya da bakinsa. Na ce wannan tsakaninsa da Allah, ni na gama nawa. Baban Albarka ya ɗauki tiya zai auna masa, na ce ya ajiye, abin da ya rage a buhun duka za a kai. Pasto ya fara cewa a'a, akwai waɗanda suka fi shi. Na ce, "Pasto, yau kam ba kai ke wa'azi ba."

Shida sun cika. Gobe malamin gona zai zo a haƙa rami a binne.

Ban yafe masa ba tukuna. Na dai sa Baban Albarka ya kai shi gida a babur, don buhun ya yi masa nauyi.